Ɗalhatu Ya Yi Wa Mota Maganin Sanyi

A cikin Hausawan Dubai babu wanda ya taɓa ganin Ɗalhatu Sambo ya gyara wani abu, amma kowa Injiniya yake ce masa, domin shi ya fara kiran kansa haka, mutane kuwa suka ga gardamar ba ta da amfani. Aikinsa na gaskiya cike takardun kwantena ne a wani kamfanin jigilar kaya a Jebel Ali. Sai dai yana saurayi ya yi wata shida a shagon kawunsa mai sayar da fitilun mota a Ƙofar Ruwa, kuma daga cikin wata shidan nan yake ciro duk abin da yake faɗa kan inji, da jirgin sama, da dalilin da ya sa lif ɗin gidansu ke jinkiri a hawa na huɗu.

Yayan matarsa, Dakta Dikko, likitan haƙori ne mai ƙarancin magana. Shekara uku ya yi yana tayar da wata tsohuwar motar Amurka ƙirar 1967, doguwa, kalar madara, mai silinda takwas. A wani ɗan sito yake ajiye ta a Al Warsan, ya sa mata na'urar sanyi saboda fenti da fatar kujeru. Mutum ɗaya ke taɓa ta, Abdou, bakanike ɗan Damagaram wanda garejinsa ke jikin siton. Burin Dakta bai wuce ya shigar da ita jerin gwanon tsofaffin motoci na ƙarshen Afrilu ba. Shi ne na ƙarshe kafin zafi ya kora kowa cikin gida, shi ne kuma na ƙarshe a gare shi, domin a watan Yuni zai ajiye aiki ya koma Katsina.

Ana saura mako biyu sai Dakta ya tafi Umara. Ya kawo wa ƙanwarsa Halima Sa'adiya makullin siton da na motar, ya ce ta aika wa Abdou, ya riƙa tayar da ita minti goma bayan kowane kwana biyu, shi ke nan. Halima tana da jarrabawar ɗalibai a makarantar da take koyarwa, sai ta miƙa wa mijinta ya kai.

Ɗalhatu ya yi tunani a hanya. Ya ga ba daidai ba ne a ɗora wa bare nauyi alhali akwai injiniya a cikin dangi. Ya wuce ƙofar Abdou, ya buɗe siton, ya zauna a kujerar direba, ya murza makulli.

Motar ta yi tari sau uku kafin ta kama.

Ya kashe, ya fito, ya tsaya hannu a ƙugu. Ya dubi motar, ya dubi na'urar sanyin da ke hura iska a kanta, nan take ya gano cutar. Abdou ya ji ƙarar inji ya leƙo yana goge hannu, Ɗalhatu ya sanar da shi cewa sanyi ne ya kama motar, kuma abin mamaki ne a ce mutum ya shekara uku da ita bai lura ba. Abdou ya ce cok ne kawai ya ɗan sassauta, aikin minti biyu ne da sukundireba. Ɗalhatu ya yi murmushi, ya ce ai kowa da iyakar inda karatunsa ya tsaya, kuma Dakta shi ya damƙa wa amanar.

Abdou ya ce, "Bon." Ya koma gareji ya aika wa Dakta saƙon murya. Dakta kuwa in ya tafi Umara kashe waya yake yi.

Daga gidansu a Al Rigga zuwa Jebel Ali a jirgin ƙasa na metro tafiya ce mai tsawo, kuma kwana biyu Ɗalhatu ya yi yana cinye ta da kallon bidiyo. A nan ya haɗu da wani dattijon Bature mai gemu, sanye da rigar sanyi uku, yana bayanin wani ƙarfe da ake kira hit-raiza. Zobe ne mai faɗin tafin hannu, da faifai a tsakiya mai buɗewa da rufewa, ana sa shi inda bututun salansa ya haɗu da inji. In inji yana da sanyi faifan ya rufe, hayaƙi mai zafi ya juya ya bi ta ƙarƙashin kafireta ya ɗumama ta. In inji ya yi zafi, wani ɗan sifirin ya saki, faifan ya buɗe, hayaƙi ya kama hanyarsa. A bayan Baturen ana hango dusar ƙanƙara ta binne rabin taga. Ɗalhatu bai ga wannan ya shafi maganar ba. Ya yi oda.

Ranar Asabar ya iso siton da kwali a hammata, da sabuwar rigar aiki shuɗiya wadda har lokacin da alamar ninki a jikinta. Takardar bayanin da ta zo cikin kwalin ya ajiye ta gefe, ya ce an yi ta ne domin waɗanda ba su san aiki ba. Ya je aron sifana. Abdou ya gaya masa notikan motar na inci ne, ba na milimita ba, ya miƙa masa jakar da ta dace. Ɗalhatu ya ce ƙarfe duk ƙarfe ne, ya ɗauki wadda ta fi ƙyalli.

Kafin a yi haka labari ya kai siton da ke kallon nasu, inda Malam Zainul Abideen ke haɗa kayan da mutanen Kano ke aikawa gida. Ya fito da kujeru huɗu da fulas na shayin karak, shi da abokan aikinsa suka zauna a inuwar ƙofa. Ya tambayi sunan ƙarfen, aka gaya masa, ya tambayi aikinsa, aka gaya masa. Ya dubi rana, ya dubi wayarsa da ke nuna digiri talatin da takwas, ya ce wato dai bargo za a sa wa mota. Tun daga lokacin babu wanda ya ƙara kiran ƙarfen da wani suna.

Ɗalhatu ya ɗaga motar, ya shige ƙarƙashi, ƙafafunsa kawai ake gani. Noti na farko ya ƙi. Ya matsa, sifanar ta zame, ta cinye kusurwoyin notin har ya koma kamar ƙwallon dabino. Na biyu ya kwance lafiya, ya faɗo masa a goshi. Na uku ya sa masa duk ƙarfinsa, ya ji ya saki da daɗi, ya sanar da mutanen waje cewa haka ake yi. Da ya duba cikin sifanar sai ya ga notin ya taho da rabin kusar da yake kai, sauran rabin yana can cikin inji.

Yana cikin nazarin wannan sai bututun salansar, wanda babu abin da ke riƙe da shi kuma, ya sauko a hankali ya kwanta masa a ƙirji.

Ƙafafun suka motsa, suka tsaya. Malam Zainul Abideen ya sunkuya ya tambaya ko wannan ma yana cikin tsarin aikin.

"Nauyinsa nake aunawa," in ji muryar Ɗalhatu, a shaƙe.

"To, in ka gama ka yi magana."

Ya yi kusan minti uku yana aunawa kafin ya ce in wani yana son ya ga yadda ake ɗaga bututu, zai iya ba shi dama. Mutum biyu suka ɗaga, aka jawo shi ta ƙafa.

Abdou ya zo ya duba kusar da ta karye. Bai yi magana da Ɗalhatu ba, da motar ya yi, ya ba ta haƙuri da Faransanci. Ya kwaso kayansa, ya kwanta a ƙasa awa biyu yana huda guntun ƙarfen da dabara har ya fito. Tunda ya ga ba za a fasa sa bargon ba, shi ya ɗaura shi da hannunsa, ya gwada faifan ya ga yana buɗewa yana rufewa. A lissafinsa, in an sa shi daidai ba zai amfani motar ba, ba zai kuma cutar da ita ba. Da Ɗalhatu ya tafi alwalar la'asar, Abdou ya ɗaga bonet ya gyara cok ɗin.

Ɗalhatu ya dawo ya murza makulli. Motar ta tashi bugu ɗaya, babu tari. Ya fito ya jingina da ƙofa, ya bi 'yan kallo da ido ɗaya bayan ɗaya, ya ce ba ya son yabo.

A gida Halima ta ga ƙulun goshinsa da tabon mai a wuyansa, ta tambaya ko ya kai wa Abdou makullin. Ya ce makulli yana hannu nagari. Ta ce ba abin da ta tambaya ke nan ba. Sai ya zayyana mata komai, har da yadda ya tsaya a kan Abdou ya koya masa cire karyayyar kusa, ya ce yaron yana da hannu, jagora ya rasa. Abdou ya girme shi da shekara tara.

Ta ce, "Abban Muhsinat, Yaya cewa ya yi a tayar da ita."

"Na tayar da ita. Yanzu ma ta fi tashi."

Ta ce za ta gaya wa yayanta da zarar ya sauka. Ya roƙe ta ta bari Dakta ya ga abin da idonsa a ranar taro. Ta ce ita dai iyakar saninta, abu na ƙarshe da ya gyara a gidan nan fanka ce, kuma har yanzu silin take yi wa fifita. Ya ce wannan ƙirar fankar ce haka. Duk da haka daren Juma'a ta aika wa Dakta saƙo. Saƙon ya faɗa cikin saƙonni ɗari huɗu da ke jiran ya kunna waya.

Da abin ya tsaya nan, da ba a sami labari ba. Amma ranar Alhamis Ɗalhatu ya je tayar da motar shi kaɗai, ya ji wani ɗan ƙas-ƙas daga ƙasa. Ya shiga ya duba. Wani ɗan dunƙulen ƙarfe ne a gefen bargon, wanda ke juyawa tare da faifan, yake rawa in inji na aiki. Ɗalhatu ya ga sakaci ne na masu ƙira a bar abu yana lilo haka. Abdou ya tafi Sharjah sayen kaya, kuma ko yana nan ba a tambayar ɗalibi. Ya lalubo wayar rataye kaya a cikin jakarsa, wadda ya zo da rigar aikinsa a kai, ya miƙe ta, ya juya dunƙulen har inda ya tsaya cak, ya ɗaure shi tam da jikin bututu, ya murɗe da filaya. Ƙas-ƙas ya ɗauke. Faifan kuwa ya rufe ruf, kuma babu sifirin ɗin da zai iya buɗe shi.

Dakta ya sauka yammacin Juma'a, ya yi barci, da sassafen Asabar ya zo siton cikin farar shadda. Ya zagaya motar, ya shafa bonet, ya murza makulli, ta tashi bugu ɗaya. Ya gyaɗa kai. Ɗalhatu ya shige gaba da sabuwar hula, Halima a baya. A aljihunsa akwai wani kati da ya buga, mai ɗauke da sunansa da kalmar Injiniya da manyan baƙaƙe, wanda zai jingina a gilashi in an isa. Ya kuma sanar a zauren WhatsApp na 'yan Arewa cewa duk mai son ganin aikin hannu ya zo. Abdou ya biyo su a baya cikin a-kori-kurarsa, da Malam Zainul Abideen a gefe.

Minti goma da kama hanya Halima ta ce tana jin ƙauri. Ɗalhatu ya ce ƙamshin sabon ƙarfe ne. Dakta ya tambaya wane sabon ƙarfe, Ɗalhatu ya ce a bari a isa. Can gaba Dakta ya ce yana taka totur amma motar kamar ana jan ta ta baya. Ɗalhatu ya ce natsuwa ce ta samu, da can rawar kai take yi. Dakta ya dube shi ta gefen ido, ya ci gaba da tuƙi.

Filin taron ƙofa ɗaya gare shi, mai faɗin mota ɗaya, da tutoci a gefe da gefe. Motoci na shiga ɗaya bayan ɗaya, mai lasifika yana kiran shekarar kowace da sunan mai ita, jama'a na ɗaukar hoto. Ɗalhatu ya hango 'yan zaurensu kusan ashirin a jikin shinge, ya ɗaga musu hannu, ya jingina katinsa a gilashi. Mai lasifika ya kira 1967, ya kira Dakta Dikko daga Najeriya. Motar ta shigar da hancinta tsakanin tutocin, ta yi tari, ta sake yi, ta saki wata ƙara kamar an harba bindiga, tattabarun da ke kan rumfa suka watse. Sannan ta mutu.

Dakta ya murza makulli. Ta yi gurnani ta ƙi. Ya sake, ta ƙi.

A bayansu akwai motoci sama da hamsin, duk tsofaffi, duk a rana, kuma tsohuwar mota ba ta son tsayuwa da inji a kunne. Ba a yi minti goma ba wata jar mota ta fara fitar da tururi. Ta bayanta ma ta ɗauka. Masu su, waɗanda suka kwana suna goge su, suka firfito suna ɗaga bonet, ana jin yalla, yalla da Larabci, da wasu kalmomin da Ingilishi da Hindi waɗanda mai lasifika ya yi ƙoƙarin rufewa da kiɗa.

Wani dattijon Balarabe cikin farar kandura, doguwar rigarsu, ɗaya daga cikin alƙalan taron, ya tako a hankali ya nemi izini ya ɗaga bonet. Zafi ya buge shi har ya ja da baya. Fentin da ke ƙarƙashin kafireta, wanda Dakta ya jira wata biyu kafin a samo masa kalarsa, ya ƙone ya yi baƙi. A cikin kafiretar ana jin fetur yana tafasa kamar ruwan shayi.

Ɗalhatu ya ga lokacin bayani ya yi. Ya gyara hula, ya matso, ya gabatar da kansa da Ingilishi, ya ce abin da alƙali ke gani fasaha ce ta musamman da ke kare inji daga sanyi, har da dusar ƙanƙara. Dattijon ya saurare shi har ƙarshe. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dubi mutanen da ke fifita da takardun taro, sannan ya tambaya cikin ladabi ko ana shirin shiga da motar wurin wasan ƙanƙarar nan ne da aka gina a cikin babbar kasuwar Dubai.

Abdou ya riga ya kutsa cikin mutane da filaya a hannu. Ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashi, aka ji ya ce wani abu gajere da Faransanci. Aka ji ƙas. Ya fito yana riƙe da murɗaɗɗiyar waya da tsumma, ya ɗaga ta sama. A ƙarshenta akwai lanƙwasar da ake maƙalawa a sandar kaya, da sauran roba mai ruwan hoda da ba ta gama narkewa ba.

Halima ta leƙo ta taga ta ce, "Wannan ai ta abayata ce."

Malam Zainul Abideen ya fassara wa alƙalin. Alƙalin ya fassara wa na kusa da shi. 'Yan zaure kuwa ba su buƙaci fassara ba, wayoyinsu na sama tun ƙarar farko.

Ɗalhatu ya ce a lura da abu ɗaya, duk tsawon tafiyar nan babu wanda ya ji ƙas-ƙas.

Abdou ya ce motar ba za ta tashi ba sai ta huce, kuma ko ta huce ba zai yarda a tuƙa ta ba sai ya buɗe ya ga abin da zafin ya taɓa. Aka tura ta baya domin a buɗe hanya, wanda ya sa sai da motoci bakwai suka ja da baya, uku daga ciki da turi. Ɗalhatu yana cikin masu turin, yana ba da umarnin da babu mai bi. Aka ajiye ta a gefen titi wajen shinge. Daga nan Dakta ya tsaya, hannu a baya, ya kalli jerin gwanon ya wuce har mota ta ƙarshe.

Ɗalhatu ya matso kusa da shi. Ya ce Yaya Dakta ya yi haƙuri, amma in aka duba da kyau tunanin daidai ne, wayar ce ba ta da inganci. Dakta ya ɗauki katin daga gilashi, ya karanta, ya miƙa masa. Ya daɗe yana kallon bakinsa.

"Yaushe rabon da in duba haƙoranka?"

Ɗalhatu ya ce lafiyarsu ƙalau.

"Ka zo ranar Litinin," in ji Dakta.

Motar ɗaukar mota ta zo, aka ɗora doguwar a bayanta aka ɗaure. A-kori-kurar Abdou ta ɗauki Dakta da Halima da Malam Zainul Abideen, aka duba aka ga babu sauran wuri, kuma babu wanda ya matsa. Ɗalhatu ya hau gaba kusa da direban motar ɗaukar, wani ɗan Peshawar mai jan gemu wanda bai san abin da ya faru ba.

Sun yi kamar minti biyar a titi Ɗalhatu ya karkata kai, ya ɗaga yatsa, ya ce direba ya rage rediyo. Ya ce yana jin wata ƙara a injin nan da bai yarda da ita ba, kuma in za a tsaya a ba shi sifana, aikin minti goma ne. Direban ya tambaya ko shi makanike ne. Ɗalhatu ya ce injiniya, ya nuna baya da babban yatsa, ya ce waccan ma shi ya yi aikinta.

Direban ya dubi madubi, ya daɗe yana kallon motar da ya ɗauko. Ya kunna sigina, ya gangara gefe daidai wata tashar bas, ya miƙa hannu ya buɗe ƙofar ɓangaren Ɗalhatu.

"Khalas, habibi," ya ce, wato shi ke nan, abokina.

Ɗalhatu ya sauka. Ya tsaya a rana ya kasa kunne har motar ta yi nisa. Ƙarar tana nan. Ya girgiza kai, domin ya san ba za ta kai mutumin ko'ina ba, sannan ya shiga rumfar jiran bas ya zauna.